Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Garin Babura yana arewa da Kano, kusa da iyakar Nijar, cikin ƙasar da a ke kira Jihar Jigawa tun 1991. Ƙasa ce mai rairayi, gero da wake da gyaɗa da riɗi su ne abin nomanta. Mutanen wannan yanki kuwa, tun daga Roni da Gwiwa da Kazaure har ya zuwa Maigatari, noma da ciniki a haɗe su ke a wurinsu: da damina suna gona, da rani suna bin kasuwanni. Saboda haka lissafi ba baƙo ba ne a gidajensu. Har ma ɗan garin, Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya yi Gwamnan Jigawa daga 2015 zuwa 2023, ɗan kasuwa ne tun asali, jama'a kuwa suka laƙaba masa Baba Mai Kalkuleta. Amma labarin nan ba na manya ba ne. Labarin wani dattijo ne mai sayar da hatsi, da ɗan ƙanensa, da waɗansu kwanaki 12 da suka gwada su.

Shi dattijon nan, da ƙuruciyarsa yaron sikeli ne a zamanin gyaɗa. Wanda bai ga wannan zamani ba, da wuya ya gane irin hayaniyarsa. Tun da hanyar jirgi ta iso Kano aka buɗe ta a 1912, Turawa suna tsammanin auduga za a kawo musu, sai manoma suka duba inda riba ta ke, suka rungumi gyaɗa. Daga nan kowace shekara in kaka ta yi, sai a ga jakuna da raƙuma sun jeru a bakin sikeli tun duku-duku. Mai kaya yana sauri ya koma gida, mai jaki yana sauri, mai haraji yana jira a gefe, malamin awo yana kiran nauyi, wani yana rantsuwa an tauye shi. Cinikin shekara guda cikin 'yan watanni a ke yinsa. Wanda ya ruɗe a cikinsu, sai baɗi in yana da sauran jari.

A cikin wannan hayaniya aka yi Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda aka haifa a 1877 ya rasu a 1955. Fataucin goro ya fara yi zuwa Gwanja, sa'an nan ya shiga sayen gyaɗa, har ya zama ba kamarsa a Kano. A 1929, da aka buɗe banki a garin, raƙuma 20 aka labta wa kuɗin azurfa ya kai ajiya. Mutane su kan ba da labarin raƙuman nan, gama shi ne mai daɗin ji. Abin da ba su cika faɗi ba shi ne irin zamansa na kullum: tsimi, da rashin almubazzaranci, da sa ido a kan aikinsa da kansa. Dattijon Babura bai taɓa ganinsa ba, amma ya ga dalar gyaɗa a Kano, ya ga yadda 'yan dako su ke hawa da buhu a ka, suna jera shi ba mai gaya musu inda za su sa ƙafa. Ya kan ce a nan ya fara gane cewa aikin da a ke yi cikin sauri, a lokacin da ba sauri a ke koyonsa.

To, ga yadda ya ke tafiyar da ranarsa, shekara da shekaru. In ya dawo daga masallaci da asuba, ba ya maganar ciniki da kowa sai ya buɗe sito ya ƙirga buhuna. Da babbar murya ya ke ƙirgawa, yana dafa kowanne da hannu, ko da ya ke shi ya kulle ɗakin da kansa jiya da dare, mabuɗin kuma a ƙarƙashin matashinsa ya kwana. Sa'an nan ya ɗauko wani dutse da ya san nauyinsa, ya aza a sikeli, ya duba. In an ba shi kuɗi, sau biyu ya ke ƙirgawa a gaban mai su, ya daidaita fuskokin takardun, ya naɗe goma goma. In shi zai bayar, sai ya rubuta a littafi tukuna, kana ya miƙa. Ya kan ce alƙalami ya riga hannu. Da dare kuwa ba ya kwanciya sai abin da ke akwati ya yi daidai da abin da ke littafi, ko da kwabo ne ya ɓace.

Ban da wannan, yana da wani akwatin ƙarfe dabam na ajiyar mutane. A wancan lokaci banki ya yi wa talaka nisa, saboda haka Fulanin da suka sayar da sa, da matan da ke tarin kuɗin kayan ɗakin 'ya'yansu, da baƙin da ke zuwa daga wajen Magarya sayen hatsi, duk wurinsa su ke kawo ajiya. Kowane ƙunshi da tsummansa, da 'yar takarda mai sunan mai shi da ajami. Ko jarinsa ya ƙare ƙaf, ba ya ranta daga ciki. Akwai kuma wata doka tasa wadda ta fi ba abokan sana'arsa dariya, watau ciniki babba sai ya kwana. Wanda ya zo sayen buhu biyu ko uku, nan take a sallama masa. Amma wanda ya ce zai kwashe sito, kome kyaun tayinsa, amsa guda ce: “Allah ya kai mu gobe.”

Lalle dokar nan ta sa ya yi hasarar ciniki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Waɗansu suka ce nawa ce, waɗansu suka ce tsoro ne ya ke yi wa ado. Ba kuwa za a ce duk ƙarya su ke yi ba, domin akwai masu zafin nama da suka fi shi dukiya nesa ba kusa ba.

Sa'ad da ɗan ƙanensa ya gama makaranta, aka kawo shi ya koyi sana'a. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya iya lissafin boko sarai, yana ganin abin da baffansa ke yi ɓata lokaci ne. Ran nan ya kasa haƙuri ya ce, “Baffa, buhunan nan fa jiya 63 ne, ba wanda ya shiga. Me za a ƙirga kuma?”

Dattijo ya ce, “Ai ba don buhunan na ke ƙirgawa ba, ɗana. Je ka fara daga kusurwa.”

Abin da ya fi ba yaron haushi shi ne jarrabawar dare. Bayan lisha, an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, sai dattijo ya jefo masa tambaya ba shiri: “Tiya 17, kowace naira 1 da sule 3, nawa ke nan?” Kafin ya buɗe baki ya ce naira 22 da sule 1, sai ya sa yara su yi ta surutu a kansa, ko ya aike shi ɗebo ruwa, ko ya katse shi da wata tambaya dabam, sa'an nan ya koma ya nemi amsar ta farko. Wani lokaci da fam zai tambaya, gama ko da ya ke naira ta zo tun 1 ga Janairu 1973, tsofaffi ba su bar lissafi da fam da jaka ba: fam guda naira 2, jaka naira 200. Wani lokaci kuma sai ya juya zuwa kuɗin Nijar, inda a ke ƙirga sefa da dala, dala guda tamma 5, ita jakarsu kuwa 1,000 ce. Mutum biyu su ce jaka, kowa da abin da ya ke nufi. Yaron ya kan ce a ba shi takarda da wurin da ba hayaniya. Dattijo ya ce, “Ka taɓa ganin kasuwar da ta yi shiru don mai lissafi?”

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura, gama nan ne gindin maganar. Mutum yana da hankali iri biyu a wajen aiki. Akwai wanda ya ke zama ya auna abu, ya juya shi, ya fito da shawara. Wannan shi ne mai daraja, amma matsoraci ne, da an yi tsawa shi ke fara gudu. Akwai kuma wanda ya sauka cikin hannu da harshe saboda yawan maimaici, kamar na mai tilawa da ba ya laluben aya, ko masaƙi da ke hira ƙafafunsa suna aiki. Wannan ba ya gudu. In ranar firgita ta zo, abin da mutum ya saba shi kaɗai ke saura a hannunsa, ya riƙe masa aiki har wancan hankalin ya dawo. Ko Turawa masu injuna sai da suka sha wuya kafin su yarda da haka. Ran 30 ga Oktoba 1935, a Dayton ta ƙasar Amurka, wani sabon jirgin sama na kamfanin Boeing ya faɗi yana tashi, mutum biyu suka mutu. Matuƙin gwani ne, jirgin kuma lafiyarsa lau. Makullin da a ke sa wa fikafikan don kada iska ta kaɗa su a ƙasa, shi aka manta ba a cire ba. Daga nan matuƙa suka tsara jerin abubuwan da za a duba ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi, kome gwanintar mutum. Ƙirgar buhunan da aka riga aka san yawansu ke nan.

Amma Hausawa sun ce sabo turken wawa, ba kuwa a banza suka faɗa ba. Dattijon ya ga gaskiyar wannan da idonsa. Bayan farin 1973, sai kuturtar gyaɗa ta sauko a 1975 ta cinye amfanin gona, dalar Kano ta zama labari. Waɗansu abokansa da suka shekara 20 suna sayen gyaɗa suka ci gaba da ba manoma bashi da bazara kamar yadda suka saba, suna jiran kakar da ba ta zo ba, har jari ya narke. Su abin da suka saba da shi gyaɗa ce. Shi kuwa abin da ya saba da shi ƙirga ce da rubutu da awo, waɗannan kuwa ba ruwansu da ko mene ne a cikin buhu. Littafinsa ya nuna masa shekara biyu a jere cewa abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa, sai ya juya ga gero da wake ba tare da dogon baƙin ciki ba.

Ana nan, sai ga 1984. Shekara ce mai wuya, ruwa ya yi ƙaranci, hatsi ya yi tsada. A ƙarshen watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, sai rediyo ta ba da sanarwa cewa gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canja launin takardun kuɗi duka, ban da ta sule biyar. An ba da wa'adi daga 25 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu, an kuma rufe iyakokin ƙasa don kada kuɗin da aka fitar waje su dawo. Naira 5,000 kaɗai za a canja wa mutum a hannu. Abin da ya haura, sai ya zuba a banki, ya yi rantsuwa a kan inda ya samo shi. Ga garin da ke bakin iyaka, rabin abokan cinikinsa suna hayi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kafin gari ya waye kasuwa ta hautsine. Mai kuɗi yana neman ya rabu da su, mai kaya ya ƙi sayarwa. Abin mamaki, mutanen da aka shekara ana bi bashi suna ɓuya, sai ga su da sassafe suna sallama, sun kawo biya. Yaron bai yi barci ba. Da asuba ya tari baffansa a ƙofar masallaci, jikinsa na rawa, ya ce, “Baffa, mu nemi mota yanzu, kowa ya tafi banki!”

Dattijo ya miƙa masa mabuɗi ya ce, “Buɗe sito.”

Suka ƙirga buhuna kamar kullum, suka aza dutse a sikeli kamar kullum. Shi yaron ya faɗa daga baya cewa kafin su kai buhu na 30 ya ji numfashinsa ya daidaita, ya fara jin abin da a ke gaya masa. Sa'an nan dattijo ya jawo akwatin ajiya. Da ya ke kowane ƙunshi da sunansa, ba a yi wata wahala ba: kafin azahar an aika wa duk wanda ke cikin gari da rugagen kusa, kowa ya zo ya karɓi nasa a gaban shaidu, aka soke a littafi, aka gaya masa ranar da wa'adi zai cika. A waɗansu wurare kuwa, inda mai riƙon ajiya ya cakuɗa kuɗin mutane da nasa, an kwana ana rigima, har zumunci ya ɓaci. Saura na mutanen hayi, waɗanda iyaka ta tsare. Dattijo ya haɗa su da nasa, ya ɗauki littafin ajiya, ya tafi bin layin banki, ya bar yaron da sito da littafin ciniki.

Kwana huɗu ya yi bai dawo ba. A rana ta biyu, da la'asar sakaliya, sai ga wani baƙo da babbar jaka. Ya zauna, ya yi gaisuwa mai kyau, ya ce gero ya ke so, duk abin da ke sito, zai kuwa biya ninki biyu na kuɗin kasuwa, yanzu yanzu, motarsa tana bakin hanya. Ya zuge jaka, ga 'yan Murtala ɗauri ɗauri. Yaro ya buga lissafi a ka, cikin ƙiftawar ido ya ga ribar da baffansa ba ya samu a shekara biyu. Mutane suka taru, kowa yana cewa, “Kai, sallama mana! Arziki ya zo har gida!” Baƙon ya ce in ba a shirya ba zai wuce gaba. Yaron ya ce shi dai bai san lokacin da ya yanke shawara ba, bakinsa kawai ya ji ya ce, “Alhaji, Allah ya kai mu gobe.”

Baƙo ya tashi da fushi, ya wuce gaba, ya kuwa sami mai sayar masa a daren. Shi yaron ya kwana yana cizon yatsa. Sai da ya zauna lissafin dare, hayaniya ta kwanta, sa'an nan ya ga abin da bai gani ba da rana: kuɗin nan sun ninka abin da za a canja masa a hannu sau da yawa, sauran sai banki, sai rantsuwa a kan mutumin da bai san ko sunan garinsu ba, ga damina tana ƙofa, sito ba ko ƙwaya, gero kuwa kullum hawa ya ke yi. Wanda ya sayar ɗin, kuɗinsa suka daɗe a banki, sa'ad da suka fito ba su sayi rabin abin da ya bayar ba.

Kada a ce dattijo ya fita ba ko ƙwarzane. Yana da wata al'ada, cewa duk wanda ya kawo biyan bashi ba a mai da shi, ko da tsakar dare ne. Yaron ya bi wannan ma kamar yadda aka koya masa, ya yi ta karɓar tsofaffin kuɗi har jajiberin cikar wa'adi. Na ƙarshen ba su sami shiga banki ba, suka zama takardun banza. Da dattijo ya dawo ya duba littafi, ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce laifinsa ne, shi ya kamata ya sa ranar da za a tsaya kafin ya tafi, ya ɗauki alƙalami ya rubuta hasarar da hannunsa. Zancen baƙo mai jaka kuwa, da aka ba shi labari, bai yabi yaron ba. Tambayarsa kawai ya yi ko ya gwada sikeli a kwanakin nan huɗu. Yaron ya ce ya gwada. Mutanen hayi sai da aka buɗe iyaka a 1986 waɗansunsu suka iso, kowa ya tarar da ƙunshinsa da sababbin kuɗi, da 'yar takardarsa ta ajami.

Dattijo ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa. Yaron nan shi ne ya zama mai sito, furfura ta cika masa gemu, riɗi da zoɓo sun shiga cikin kayansa. Ya ga an karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, ya ga an rufe iyaka a 2019, aka sāke rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. A ƙarshen 2022 kuma aka sāke fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwa, ciniki ya koma ta waya. Mayaudara suka samu ƙofa: mutum ya nuna maka saƙo a wayarsa cewa ya tura, a ɗora masa kaya, kuɗi kuwa ba su shigo ba. Sai ya ƙara wa yaransa doka guda a kan na baffansa, cewa ba a ɗaga buhu sai an ga kuɗin a wayar gida, an karanta adadin da babbar murya, an rubuta.

Wata ranar kasuwa cikin watan Fabrairu na shekarar, layin waya ya tsaya cik, ga mota ta juyo da baya a ƙofar sito, direba yana ta matsa oda, mai sayen kaya yana rantsuwa da girman Allah ya tura tun ɗazu. Ƙaramin cikin yaran, jikan mai siton, ya dubi kakansa. Tsohon bai ɗaga kai daga littafi ba. Yaron ya juya ya shimfiɗa wa baƙon tabarma a inuwa, ya kawo masa ruwa, ya ce, “Alhaji, a ɗan huta tukuna, yanzu zai shigo.” Sa'an nan ya koma cikin sito ya fara ƙirga buhunan da za a ɗora, daga kusurwa.